Abin Da Na Ɓoye A Awa Ta Tara

A gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi an san ni da abu biyu: ba na iya zama wuri ɗaya, kuma babu muryar da ba na iya kwaikwaya. Mushen lissafi na lakwal ɗinmu, wato malaminmu na makarantar boko, mai tallan gawayi, akuyar maƙwabta idan tana kiran 'ya'yanta, duk suna cikin maƙogwarona. Inna takan ce ranar da aka raba kunya ina can gefe ina kwaikwayon mai rabon. Shekarata goma sha shida lokacin da abin nan ya faru, wato bara. A ranar na gano ashe kasona yana nan an ajiye mini, a dunƙule za a ba ni.

Yayana yana da shago a Sabon Gari, inda yake haɗa wa 'yan kasuwa tallar murya, irin wadda masu magani da masu sabulu ke sakawa a lasifika suna zagaya gari. Da ya sayi sabuwar ordinater, wato kwamfuta, sai ya bar mini tsohuwar, wata baƙa mai nauyin turmi, ya koya mini manhajar haɗa sauti. Abin ba wuya. Layuka ne a jere kamar kunyoyin gona, murya a wannan, kiɗa a wancan. Ka yanka, ka ja, ka liƙa. In ka gama sai ka danna wurin fitarwa, injin ya narka layukan duka ya mai da su abu guda, ka zuba a kile, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a rediyo. Cikin wata biyu na fara jin ko gidan rediyo aka ba ni sai dai su gode.

Kawu wan Inna ne. A Tsibiri yake zaune, da damina yana noman hatsi, da rani yana shigowa Maraɗi kan moto, wato babur, yana awon hatsi a kasuwa. Yana da i'ina, ba 'yar kaɗan ba, irin wadda kalma ke maƙalewa har jijiyar wuyansa ta tashi. Kowa a dangi ƙarasa masa magana yake yi. Zai ce "Na zo in," sai Inna ta ce "gaishe mu, to mun gode," alhali mutumin nan garma ya zo aro. Ni kaɗai nake zama in jira shi har ya kai ƙarshe, shi ya sa yake zama da ni ya yi hira mai tsawo, ta damina da ta farashin buhu da ta wani jakinsa da ya taɓa cizon mai gari. Yana cewa ɗiyar nan tana da haƙuri. Gaskiyar magana, ba haƙuri ba ne. Sauraro nake ina haddacewa, don in na koma lakwal in yi wa ƙawayena.

Danginmu suna taron zumunci kowace shekara washegarin Babbar Sallah a Jiratawa, inda tushenmu yake. Al'adar ita ce bayan la'asar babba ya miƙe ya jero zuri'a, wane ya haifi wane, wance ta yi aure a gari kaza, don yara su san juna kada wata rana su yi faɗa a layin famfo. Tsohon da ke yin wannan ya rasu da azumi. Aka duba aka duba, babu wanda ya riƙe jerin nan duka a ka sai Kawu, wanda bai taɓa magana gaban mutum fiye da biyar ba.

Ana saura mako guda Sallah ya zo gidanmu. Ya bari sai da Inna ta shiga madafa, sannan ya matso kusa da ni. Ya ɗauki lokaci kafin ya fitar da maganar.

"An ce ke kina iya cire ta, i'inar nan. In na yi magana cikin injin."

"Kawu, ni da nake cire kukan zakara daga tallar yaji? Sai ka fito kamar mai karanta labarai."

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. "Ban so a sani sai an ji."

Kwana uku muka yi a ɗakin Inna. Na jingina katifa a taga saboda hayaniyar raguna, na sa wa mikro safa. Kawu ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana zufa kamar mai huɗa. Wani sunan sai ya yi masa gudu biyar kafin ya haye. Muka tara magana ta kusan awa guda. Na zauna ina tsince ta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har ta dawo minti goma sha biyu, sumul, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da na sa masa abin ji a kunne ya saurari farkonta, sai ya cire ya dubi bayansa, kamar wani ne ya shigo yana magana da muryarsa.

To, tsakuwar da na tsince ita ce matsalar. Kamata ya yi in share ta. Na ma fara sharewa, sai na ci karo da wani wuri da ya maƙale a kan "kakanmu", kuma wallahi bugun ya faɗa daidai kamar kalangu. Na ce bari in gwada sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya zama layi bakwai. Na sa wa ɗaya amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, na matse wata ta koma muryar sauro, na kumbura wata ta zama ta bijimi, na shimfiɗa kiɗa a ƙasa. Abin bai ishe ni ba, na ɗauki mikro na ƙara tawa muryar a sama, ina kwaikwayonsa ina cewa, "Kawu ƙarasa mana, Sallah ta wuce." Na yi dariya har na faɗo daga kujera. Na yi wa ƙawayena biyu alkawarin in an koma lakwal za su ji abin da ba su taɓa ji ba.

Don kada kowa ya gani, sai na kwashe abin duka na ja shi dama, na yi ta ja, na wuce awa ɗaya, na wuce uku, ban tsaya ba sai a awa ta tara. Na sauke ƙarar layukan bakwai har ƙasa. A tunanina abin da ba a ji, kuma ba a gani, babu shi.

Washegarin Sallah da hantsi Kawu ya iso cikin sabuwar shadda mai ƙamshin guga, ya zo karɓar kile. Gidan duk ƙaurin suya. Na buɗe ordinater ina taƙama, na ce ya ba ni minti biyu, na danna fitarwa. Wani ɗan koren layi ya fito, a ƙasansa an rubuta sauran lokaci: awa huɗu da rabi.

Na ce ƙarya take, ta saba. Muka jira. Koren layin nan, in da tururuwa mai ciwon ƙafa aka sa tsere da shi, da ta je Tsibiri ta sha fura ta dawo. Na soke, na rufe duk wani abu da ke buɗe, na sake dannawa. Awa huɗu da rabi. Na kashe ta gaba ɗaya na kunna, wanda shi ma a injin nan sai ka ci tuwo ka wanke hannu. Awa biyar. Na tuna Yaya ya ce in ba ta jone da wuta lalaci take, na jona. Na ce ko kilen ce ta cika, na share hotunan bikin wata ƙawata kaf, na ma daina fitarwa cikin kilen na ce ta ajiye a cikinta. Na sauya nau'in sauti daga mai nauyi zuwa mara nauyi. Ta rage minti goma, kamar mai yi mini alfarma.

Inna ta leƙo da tsinken nama a hannu. "Ko aljihunta ya cika da waƙoƙin banzan da kike ji?"

"Inna, zafi ne. Taɓa ki ji."

Da gaske ta yi zafi, ana iya toya ƙwai a gindinta, fankar cikinta tana kuka kamar injin niƙa. Na ɗauke ta na ɗora a kan murfin randa. Kawu ya miƙa hannu ya ɗauki maficin Inna, ya durƙusa da sabuwar shaddarsa ya fara yi wa ordinater fifita. Ya yi fiye da rabin awa a haka, in hannu ɗaya ya gaji ya sauya. Can ya ɗago ya dube ni. Maganar ta daɗe kafin ta fito, kuma na jira ta kamar yadda na saba.

"Ko maganata ce ta yi mata nauyi?"

Na yi dariya na ce a'a, tsufa ne ke damunta. Ban san dalilin ba a lokacin, wannan kam zan iya rantsewa. Amma na san akwai abin da ke kwance a awa ta tara.

Aka kira azahar, layin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma wuta ta ɗauke, tsohon batirin bai riƙe har ta dawo ba, aikin ya koma farko. Inna ta ce a kai wa Yaya kawai. Kawu ya fita masallaci. Nan ne wurin da in ina ba da labarin nake so in tsallake. Ni kaɗai ce a tsakar gida. Na san za a buɗe aikin a gaban Yaya. Na ja dama har awa ta tara, na zaɓe layukan bakwai, yatsana yana kan maɓallin sharewa. Sai na ce bari in ji na ƙarshe. Na sa abin ji, na ɗaga ƙara. Da muryar bijimin ta shigo sai da na toshe baki da mayafi. Na ce wa kaina wannan abu ya fi ƙarfin sharewa, kuma wane ne zai je awa ta tara neman wani abu. Na sauke ƙarar, na koma farko, na zauna kamar mutuniyar kirki.

Kawu ya goya ni a moto zuwa Sabon Gari, ina rungume da ordinater. Titi cike da yara cikin kayan Sallah. Yaya ne zai kai kayan sauti taron, saboda haka mun tarar ya fito da manyan lasifikoki biyu ƙofar shago yana gwaji kafin a loda su a mota.

"Ga injiniya," in ji shi. "Mi kika ɓata?"

"Injinka ne ya mutu tun kafin ka ba ni."

"Injin da ya ciyar da ke shekara uku. Ina wuni, Kawu. Kawo nan, sarkin surutu."

Ya ɗora ta a tebur, ya soka mata wayar lasifika don a cewarsa gara a ji yadda za ta fita a fili tun yanzu. Ya saki farkon. Muryar Kawu ta cika titi, a natse, tana sallama tana jero sunaye. Telan da ke maƙwabtaka da shagon ya tsayar da keke ya leƙo. Kawu yana tsaye jikin motonsa, ya sunkuyar da kai, amma ina ganin gefen bakinsa.

"Kai, aiki ya yi," in ji Yaya. "Minti nawa ce?"

"Sha biyu."

"Sha biyu ba ta cin awa huɗu ko a injin markaɗe." Ya duba wuta, ya duba wurin ajiya, ya duba nau'in sautin. Sai ya tsaya yana kallon ƙasan allon. "Mi ya sa ɗan abin jan nan ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero? Aikin minti sha biyu ba ya haka."

Ya danna wani wuri, aikin duka ya tattaru a allo ɗaya. Maganar Kawu ta koma ɗan ɗigo a hagu. Sai fili fetal. Can ƙuryar dama, wani ɗan tsibi mai hawa bakwai.

"Ga ɓarawon. Ke, injin ba ya tsallake shiru, dafa shi yake yi kamar sauran. Awa tara kika ba shi, da layi bakwai kowane da kayan ado a kai. Sauke ƙara ba ya hana shi aiki. Mi ne ne wannan ɗin?"

"Datti ne. Share kawai."

"Bari mu ji, kada in share wani kaka."

"Yaya, don Allah."

Ban taɓa cewa Yaya don Allah da irin wannan muryar ba, kuma ina jin shi ya sa ma ya ɗaga ƙarar, yana zaton waƙar soyayya na rera. Ya danna.

Lasifikokin nan an yi su ne don filin taro. Ina da yaƙinin an ji a Tsibiri. Kiɗa ya fara, muryar Kawu ta shigo tana maƙalewa a kan bugu, sauro ya amsa, bijimi ya amsa, rijiya ta maimaita. Wasu yara uku masu sababbin takalma suka tsaya suka fara rawa. Tela ya kwashe da dariya har yana buga keke. Yaya ma ya yi dariya, ta daƙiƙa uku ko huɗu, kafin ya gane muryar wa yake ji. Ya danna tsayawa. Tsohuwar ordinater ta ga ranar ramuwa ta zo, ta sandare, ta ƙi tsayawa. Yana ta dannawa, sai ga muryata tangaran a saman komi, da dariyata a ciki: "Kawu ƙarasa mana, Sallah ta wuce." Yaya ya fizge wayar.

Yaran suka tsaya suna jiran a ci gaba. Tela ya dubi Kawu, ya dube ni, ya koma cikin shagonsa, ban ƙara jin kekensa ba. Kawu yana nan inda yake. Ya sa tafin hannu yana goge sirdin moto, sirdin da babu komi a kansa, ya goge gaba ya goge baya.

Yaya bai dube ni ba. Ya jira injin ya farfaɗo, ya zaɓe layukan bakwai ya share, ya danna fitarwa. Koren layin da ya wahalar da mu tun hantsi ya ruga ƙarshe kafin in haɗiye yawu sau biyu. Ko minti ɗaya bai cika ba. Na so a ce ya ɗauki awa huɗun, in sami abin kallo. Yaya ya zare kile, ya fita, ya rusuna ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Kawu ya karɓa ya sa a aljihun gaba, ya tada moto ya tafi. Ni a bayan motar kaya na je Jiratawa, a matse tsakanin lasifikokin biyu, kuma duk hanya Yaya kalma ɗaya ya ce mini, da muka zo wani rami: "Riƙe."

Bayan la'asar aka saki maganar. Mutum wajen ɗari a kan tabarmi suka yi tsit. Tsofaffi suna gyaɗa kai a kan kowane suna, wata gwaggo ta fashe da kuka da aka ambaci mahaifinta, yara suna zungurin juna in an zo kan gidansu. Da ta ƙare aka yi ta kabbara ana tambaya yaya aka yi. Kawu yana zaune a cikin maza. Ya nuno ni da haɓa, ya ce, "Aikinta ne." Mata suka yi caa a kaina, wannan ta shafa kaina, wannan ta cusa mini soyayyen nama a hannu, ana ta Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba mu irinki. Na taɓa shan bulala goma a lakwal saboda kwaikwayon mushe, kuma na fi son ranar a kan wannan.

Babu wanda ya gaya wa Inna, ba Yaya ba, ba Kawu ba. Na yi ta jiran duka ko faɗa, shiru. Ƙawayena suka tambayi abin da na yi musu alkawari, na ce injin ya cinye.

Bayan mako uku na ce wa Inna zan je Tsibiri gaisuwa. An yi ruwa, hatsi ya fito, na tarar da Kawu a gona yana noman fari. Na haddace ban-haƙuri mai tsawo tun daga gida, da karin magana biyu a ciki. Na durƙusa a bakin kunya na fara, ban kai rabi ba murya ta ƙi. Ya dogara da hauya yana saurare har na yi shiru.

"Ba komi," ya ce. "Ya wuce. Ki gaida gida."

Ko gargada babu. Na ji daɗi har na kusa tashi da tsalle. Sai da na koma cikin gida na gaya wa matarsa cewa yau Kawu ya yi mini magana tas, ta dube ni tana tankaɗe, ta ce ai haka yake yi wa masu sayen hatsi a kasuwa. Yana da 'yan kalmomi da ya goge ya ajiye saboda baƙi, waɗanda ya san ba za su kama shi ba, in ya faɗe su sai ya yi shiru.

Na koma gonar na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na ce ko zai huta ya zo ya ba ni labarin damina. Ya kai ƙarshen kunya ya juyo, ya kai ya juyo. Da ya iso kusa da ni karo na uku ya tsaya ya share zufa.

"Rana ta yi. Je ki gida."

Har yanzu yana zuwa gidanmu duk ranar kasuwa. Ina jinsa daga ɗaki yana fama da kalma, Inna tana ƙarasa masa ba daidai ba, yana gyara mata. In na fito na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya lau. Madalla." Daga nan ya jira in wuce.